Daga Agadas zuwa Dirku: kwana 15 bisa raƙumi, awa ɗaya da rabi cikin jirgi



Yau za mu yi arewa. Za mu bar gonakin hatsi na Maraɗi da Damagaram da Tawa, mu shiga ƙasar rairayi, mu ji labarin hanyar da ke tsakanin garuruwa biyu na ƙasarmu Nijar, wato Agadas da Dirku. Kowane ɗayansu yana da filin jirgin sama. Tsakaninsu kuwa akwai babbar hamadar nan da ake kira Tenere.

In ka tambayi tsohon madugu, ka ce masa: "Baba, daga Agadas zuwa can tafiyar kwana nawa ce?" zai ce maka kwana 15. In ka tambayi direban mota, zai ce kwana 2 ko 3, in Allah ya kiyaye. In ka tambayi matuƙin jirgi, sai ya dubi agogonsa ya ce maka awa ɗaya da rabi. Cikin su ukun nan babu wanda ya yi maka ƙarya. Ƙasar ɗaya ce, abin hawa ne ya bambanta. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu ga yadda kwanaki suka koma awoyi, mu kuma ga abin da bai sake ba har yau.

Ina garuruwan suke?

Agadas kowa ya ji sunanta. Ita ce birnin Sarkin Abzin, sarautar da ta fi shekara 500 da kafuwa. Tana kudu da duwatsun Abzin. Hasumiyar masallacinta da ƙasa aka gina ta, tsawonta mita 27, ana hango ta tun daga nesa.

Dirku kuwa tana can gabas maso arewa, cikin ƙasar da ake kira Kawar. Kawar wani dogon dutse ne da ya miƙe daga kudu zuwa arewa a tsakiyar hamada. A gindinsa ruwa yana kusa da bisa, shi ya sa dabino ke yi, mutane suka zauna. Garuruwan wurin su ne Bilma, Dirku, Anai da Sigidin. Barebari da Tubawa ne mafi yawan mazaunansu. Bilma ce garin gishiri, nan ne kuma mazaunin hukuma. Dirku tana arewa da ita kamar kilomita 40, nan filin jirgi yake da barikin soja. Ruwan sama ba ya kai milimita 20 a shekara a Bilma. Ku tuna a Maraɗi akan samu kamar milimita 500. Saboda haka mutanen Kawar ba su noman hatsi. Abincinsu daga nesa yake zuwa.

To nisan fa? Kilomita ɗaya mita 1000 ce. Mutum mai lafiya, in ya miƙe hanya, yana cin kilomita 5 cikin awa guda. In ka ɗora zare bisa taswira, ka ja shi sak daga filin jirgin Agadas zuwa na Dirku, za ka samu kamar kilomita 560. Wannan shi ne nisan da tsuntsu zai yi, shi ne kuma wanda jirgi ke yi, don ba ya kewaya dutse ko tudun rairayi.

Ga abin gwadawa. Daga Yamai zuwa Maraɗi, in aka ja zaren sak, kamar kilomita 540 ne. Ka ga kusan nisa ɗaya ke nan. Amma mai zuwa Maraɗi daga Yamai zai ratsa Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni da Gidan Rumji. Ko'ina akwai rijiya, akwai kasuwa, akwai mai cewa da shi sannu. Mai zuwa Dirku kuwa, da ya bar gindin duwatsun Abzin, ba gari, ba gona, ba inuwa, sai ƴan rijiyoyin da za ka ƙidaya da yatsun hannu guda.

Zamanin raƙumi

Tun kaka da kakanni gishiri ne ke kai mutane Kawar. Kusa da Bilma akwai wurin da ake kira Kalala, inda ake haƙa ramuka, ruwan gishiri ya taru, rana ta busar da shi. Daga nan ake yin kantun nan da kuke saye a kasuwa don dabbobinku. Kantu guda yakan kai kilo 20. In ka taɓa aza wa saniyarka gishirin Bilma, to ka riƙe abin da ya ƙetare Tenere.

Abzinawa ne masu wannan fatauci. Sukan sayi hatsi a ƙasar Hausa da Damargu, su kai Kawar, su karɓo gishiri da dabino, su sake gangarowa kudu har Damagaram, Maraɗi da Kano. Babban ayari yana tashi bayan damina, wajen watan Oktoba, sa'ad da raƙuma suka ƙoshi, zafi kuma ya fara sauka. A shekarar 1850 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya zo Agadas. Daga baya ya bi ayarin gishiri daga Abzin har Damargu, ya rubuta abin da ya gani. Turawan Faransa kuma sun rubuta cewa ayarin shekarar 1906 ya kai raƙumi 20,000. A wannan shekara ce sojojinsu suka kama Bilma.

Yaya ake tafiyar? Kafin a tashi, ana yankar ciyawa a ɗaure dami-dami, don cikin Tenere babu abin da raƙumi zai ci. Ana cika salkuna da ruwa, a ɗauki itacen wuta. Ana ɗaure raƙuma jere, wannan a bayan wannan. In an tashi da safe ba a tsayawa sai dare ya yi nisa. Ana cin abinci ana tafiya, ana shan shayi ana tafiya. Dalili kuwa, ruwan da ke cikin salka ƙidayayye ne, kowace awa da aka ɓata ruwa ne aka ɓata. Wasu damman ciyawar akan aje su bisa hanya, don a same su wajen komowa.

Madugu shi ne idon ayari. Ba shi da taswira. Da rana yana duban inuwa da yadda iska ta shata rairayi, da dare yana duban taurari. In ya kauce kaɗan da safe, kafin marece ya bar rijiya a gefe, ba wanda ya gan ta. Kuskuren madugu guda yana iya hallaka ayari duka.

Daga gindin duwatsun Abzin zuwa Fashi, garin dabinon da Barebari ke kira Agram, kamar mako guda ne. Daga Fashi zuwa Bilma kwana 3 ko 4. In ka haɗa da kwanakin da ake yi daga Agadas zuwa bakin hamada, ka ga mako biyu ke nan. Lissafin ma ya nuna haka. Ayari yana cin kamar kilomita 40 a yini. Hanyar raƙumi, da kewaye-kewayenta, ta kai kilomita 600. Raba 600 da 40, ka samu 15. Ga kwana 15 ɗin madugu.

A kan wannan hanya akwai wani iccen ƙaya guda ɗaya tak, tsaye shi kaɗai cikin rairayi, da rijiya kusa da shi. Shi ne iccen Tenere. Da aka haƙa rijiyar a tsakanin 1938 da 1939, aka tarar saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Ayari bayan ayari sun kwana a gindinsa, ba wanda ya sare shi don hura wuta. A shekarar 1973 wani direban babbar mota ya banke shi ya kayar. Aka ɗauko gangar jikinsa aka kai gidan tarihi na Yamai, aka kafa icce na ƙarfe a gurbinsa.

Kada mu ɗauka tafiyar da duka alheri ce. Akwai wata tsohuwar hanya da ta bi ta Kawar daga Borno zuwa ƙasar da ake kira Libiya yanzu. Ta nan aka riƙa kora bayi arewa. Turawan Ingila uku, Denham da Clapperton da Oudney, sun biyo ta suka iso Bilma a farkon 1823. Sun ba da labarin ƙasusuwan mutane da suka tarar zube a bakin rijiyoyi. Waɗannan bayin Allah gajiya da ƙishirwa suka kashe su.

Zamanin mota

Mota ta daɗe kafin ta iya da rairayi. A ƙarshen 1922 wasu Turawan Faransa suka taso daga Aljeriya da motocin kamfanin Citroën masu sarƙa a madadin ƙafafun baya. Suka isa Tumbutu a farkon watan Janairu na 1923, bayan kamar mako uku. A 1924 wasu motocin irinsu suka ratsa Yamai da Damagaram suka nufi tabkin Cadi. Tenere ita kanta ta fi wuya. A tsakanin 1959 da 1960 manyan motocin kamfanin Berliet suka ratsa ta daga arewa zuwa kudu, suna kafa ƙarafa don su zama alamar hanya.

Fari ma ya taimaki mota. A yunwar 1973 da 1974, da kuma ta 1984, raƙuma da yawa sun mutu, ayari ya ragu ƙwarai. Manyan motoci suka shiga ɗaukar hatsi da gishiri. Duk da haka ayarin raƙuma bai mutu ba.

An shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas har Arlit saboda ma'adinin uraniyom, aka gama a farkon shekarun 1980. Amma gabas da Agadas ba a shimfiɗa ba. Hanyar mota zuwa Dirku sawun taya ce kawai cikin rairayi, kamar kilomita 650. Ƙaramar mota mai ƙarfi tana yin ta cikin kwana 2 ko 3. Babbar mota mai kaya tana iya kai mako guda, don tana kafewa, a sauka a haƙa, a shimfiɗa mata ƙarfe, a tura. In iska ta taso ta share sawun, direba ya koma kamar madugu, sai dai shi bai gaji sanin taurari ba.

Nan ne haɗarin yake. Raƙumi in ya gaji yana rage sauri, amma yana tafiya. Mota in ta mutu, ta mutu a inda take. Mutum 25 bisa mota guda, kowa da bido ɗaya na ruwa da aka auna don kwana 3, in aka kwana biyar fa? Cikin zafin bazara na Tenere, mutumin da ba shi da ruwa da ƙyar yake wuce kwana 2 ko 3.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Bayan faɗuwar mulkin Gaddafi a 2011, dubban matasa sun riƙa bin hanyar nan zuwa Libiya. Da aka samu zinariya a Jado, arewa da Kawar, a 2014, wasu dubban suka ƙaru, har da ƴaƴan ƙauyukanmu. A 2015 aka yi dokar hana safarar baƙin haure, sai direbobi da yawa suka riƙa kauce wa rijiyoyin da aka sani don gudun jami'an tsaro. A tsakiyar shekarar 2017 wata mota ta lalace tsakanin Agadas da Dirku. Mutum 44 suka mutu da ƙishirwa, har da mata da jarirai, mafi yawansu ƴan Gana da Najeriya. Mutum 6 kaɗai suka tsira. An soke wannan doka a watan Nuwamba na 2023, amma soke doka bai ƙara rijiya ko ɗaya ba cikin Tenere.

Zamanin jirgi

Jirgin sama ya fara ƙetare Sahara a 1920. Ran 18 ga Fabrairu jirage biyu na sojan Faransa suka tashi daga Tamanraset, a kudancin Aljeriya, suka nufo kudu. Jiragen da ne, ba su da rediyon da za su kira kowa. Ɗaya, wanda wani hafsa mai suna Vuillemin ke tuƙi, ya ƙetare lafiya, har ya kai Dakar a ƙarshen watan Maris. Ɗayan yana ɗauke da wani babban soja, Janar Laperrine. Hazo ya rufe musu ƙasa, suka ɓata hanya, mai ya ƙare. Wajen sauka jirgin ya kife. Janar ɗin ya ji ciwo, ya mutu ran 5 ga Maris. Matuƙin da makanikensa suka zauna gindin jirgin suna tsimin ɗan ruwan da ya rage. Sai tsakiyar watan Maris aka tsince su da sauran numfashi. Kun san su wa suka tsince su? Sojoji ne bisa raƙuma.

Daga nan aka gane jirgi ma yana bukatar hanya. Aka shiga share filayen sauka a kusa da barikokin soja, ana aje mai cikin duro, ana kafa rediyo don matuƙi ya ji labarin iska kafin ya tashi. Mai da kayan gyara kuwa, ta ƙasa ake kai su. Wato jirgi ba ya sauka a hamada sai raƙumi ko mota sun riga shi zuwa.

Bayan samun mulkin kai a 1960, aka kafa kamfanin jirage na ƙasa, Air Niger, a 1966. Jiragensa sun riƙa haɗa Yamai da Tawa, Maraɗi, Damagaram da Agadas, har ya daina aiki a 1993. Cikin jiragensa na farko akwai wanda ake kira DC-3, mai farfela biyu. Filin Agadas ya girma, har manyan jirage suka riƙa kawo ƴan yawon buɗe ido daga Turai a shekarun da aka samu zaman lafiya. Filin Dirku kuwa ƙarami ne. Mafi yawan jiragen da suka san shi na soja ne, da na ma'aikatan agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya. Sojojin Amurka ma sun yi amfani da wuraren biyu. Sun gina sansani kusa da Agadas don jiragen da babu matuƙi cikinsu, ya fara aiki a 2019, suka bar shi a watan Agusta na 2024.

Sunan filin jirgin Agadas shi kansa tarihi ne. Ana kiransa Mano Dayak. Wannan Ba'abzine ne da ya yi suna wajen kai baƙi yawo cikin Tenere, daga baya ya zama ɗaya daga cikin shugabannin tawayen arewa na shekarun 1990. An sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ran 24 ga Afrilu 1995. Ran 15 ga Disamba na wannan shekara ya hau ƙaramin jirgi daga cikin duwatsun Abzin, zai je Yamai don ci gaba da maganar zaman lafiya. Jirgin ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, ya rasu tare da abokan tafiyarsa.

Tenere ta ga wani babban rashi kafin wannan. Ran 19 ga Satumba 1989 wani babban jirgin fasinja na kamfanin UTA ya taso daga Njamena za shi Paris. Bam ya tashi cikinsa a sararin Tenere, gabas da Agadas da nisa. Mutum 170 da ke ciki duka suka rasu. Ku dubi girman wannan hamada: jirgi ne ƙato, amma sai washegari aka gano inda ya faɗi, shi ma daga sama aka hango shi. A 2007 dangin mamatan, tare da mutanen yankin, suka jera baƙaƙen duwatsu a wurin don tunawa da su.

Mu yi lissafin awoyi

Yaya matuƙi ke sanin awa nawa zai yi? Lissafi ne mai sauƙi, kai ma za ka iya. Ka ɗauki nisa, ka raba shi da gudun jirgi na awa guda.

Ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya yana cin kamar kilomita 220 a awa. Raba 560 da 220, ka samu awa 2 da rabi.

Tsohon DC-3 yana cin kamar kilomita 280 a awa. Raba 560 da 280, ka samu awa 2 cif.

Jirgin zamani mai farfela biyu yana cin kamar kilomita 500 a awa. Wannan awa ɗaya ce da ƴan mintoci. Amma jirgi ba ya gudunsa duka wajen hawa da wajen sauka. In ka haɗa da wannan, ka samu awa ɗaya da rabi ko kusa da haka.

Wato abin da ayari ke ci daga safe har dare, kilomita 40, jirgin nan yana cinye shi cikin minti 5. Kafin uwargida ta gama tuƙa tuwon dare ta kwashe, wanda ya tashi daga Agadas ya sauka Dirku.

Sai dai akwai abubuwa uku da ke taɓa wannan lissafi.

Na farko iska. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu ya san wannan. Iskar hunturu daga gabas maso arewa take busowa, wato daga wajen Dirku. A ce ƙaramin jirginmu mai kilomita 220 ya gamu da iska mai gudun kilomita 40 a gabansa. Gudunsa ya koma 180, tafiyar ta haura awa 3. Wajen komowa iskar tana tura shi, gudunsa ya zama 260, ya iso cikin awa 2 da minti 10. Ka ga zuwa da komowa ba ɗaya ba ne, ko da yake nisan bai sake ba.

Na biyu zafi. In rana ta take, iska takan yi shara-shara, fukafukan jirgi ba su samun abin dogara sosai. Sai ya yi doguwar gudu kafin ya ɗaga, ko kuwa a rage masa kaya. Shi ya sa matuƙa ke son tashi da sassafe. A nan sun yi daidai da madugu.

Na uku hazo da guguwar rairayi. In ƙura ta rufe filin Dirku, matuƙi bai ga ƙasa ba, ba wani fili kusa da zai juya ya sauka. Tilas ya ɗauki man da zai iya maido shi Agadas, da ƙari bisa kai. Sau da yawa ma ba ya tashi sam, sai sama ta washe. Tafiyar awa ɗaya da rabi tana iya zama jiran kwana biyu a bakin fili.

Abin da ya sake da abin da bai sake ba

Amfanin jirgi ga mutanen Kawar ba ƙarami ba ne. Ku tuna babban asibitin yankin yana Agadas. Macen da naƙuda ta gagara, ko wanda ya yi mummunan karaya, kwana uku bisa mota cikin rairayi yana iya zama ajalinsa. In an samu jirgi, kafin azahar yana hannun likita. Magani, allurar rigakafi, takardun hukuma da kayan zaɓe, duka suna iya isa cikin yini guda. Abin da kakanninmu ba su taɓa mafarkinsa ba ke nan.

Amma jirgi ba na kowa ba ne. Kuɗinsa da yawa, kujerunsa kaɗan, ba kuma kullum yake tashi ba. Buhun hatsin da mutumin Bilma zai ci, da kantun gishirin da zai zo kasuwar ƙauyenku, ta ƙasa suke bi. Talakan da ke neman aiki ma ta ƙasa yake bi. Jirgi ya rage lokaci ga wanda ke cikinsa. Ga wanda ke ƙasa, kilomita 560 ɗin nan suna nan yadda Barth ya bar su, ba a ɗebe ko taki ɗaya ba.

Saboda haka, ɗan uwa, in ɗanka ko ƙanenka ya zo ya ce maka zai yi arewa, wai an ce masa yanzu nesa ta zo kusa, ka zaunar da shi ku yi lissafin nan tare. Kada ku ƙidaya hanyar da awoyin jirgi, ku ƙidaya ta da kwanakin ruwa. Ya tambayi direba ta wace hanya zai bi, ta rijiyoyi ko ta bayan rijiyoyi. Ya tambaya ko motar ita kaɗai za ta tafi ko cikin jerin motoci, don mota guda cikin Tenere ba ta da mai ceto. In an ce masa kwana 3 ne, ya ɗauki ruwan kwana 6. Ya kuma sanar da wani nasa a Agadas ranar tashinsa da motar da ya hau, don in an ji shiru a san inda za a nema. In mota ta mutu, masu nema sun fi saurin hango mota bisa ga mutum guda mai tafiya a ƙasa. In direba ya ƙi amsa waɗannan tambayoyi, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Madugan da ba su taɓa ganin cikin jirgi ba, amma sun san abu guda da matuƙin kirki ma ya sani: ba a shiga Tenere sai an auna guzurin zuwa da na komowa. Shi madugu ruwa da ciyawa yake aunawa, matuƙi kuwa mai. Wanda ya yi wannan awo shi ke komowa gida ya ba da labari.

Allah ya kiyaye matafiyanmu na sama da na ƙasa, ya maido kowa ga iyalinsa lafiya. Amin.